Yadda Ake Kawar da Haki daga Fili Kafin a Dasa Ciyawar Ado

Yawancin filayen ciyawar ado da ke lalacewa a gidajenmu tun ranar dashe aka yi musu illa. Mutum zai gama gini, ya kira leburori su kankare harabar gidan da fartanya cikin wuni guda, washegari a sayo ciyawar kafet ko kirikiri wurin masu sayar da furanni a bakin titi, a dasa, a kama ban ruwa safe da yamma. Ruwan da ake ba ciyawar adon shi ne kuma yake tayar da duk wani iri da saiwa da suka kwanta a cikin ƙasa, saboda haka kafin wata biyu sai a ga aya-aya da tofa sun keto ta ko'ina. A wannan lokacin mai gida ba shi da wata dabara mai sauƙi, domin idan ya haƙa zai tumɓuke abin da ya saya da kuɗinsa, idan kuma ya yi feshi sau da yawa maganin ba ya bambance haki da ciyawar ado. Shi ya sa ake yin wannan aiki tun fili yana tsirara, kuma ana ba shi mako 6 zuwa 8, ba kwana biyu ba.

Lokacin da ya fi dacewa da dashe shi ne farkon damina, sa'ad da ruwa ya zauna, don haka daga nan ake ƙidayowa baya. A Kano da Katsina da Damagaram ruwa kan zauna wajen watan Yuni, a Kaduna da Abuja kuwa yakan riga haka, saboda haka wanda yake da rijiya ko burtsatse ya fara shiri tun watan Maris ko Afrilu. Wanda ba shi da wadataccen ruwa sai ya bar ruwan farko na damina ya yi masa aikin tsirar da haki, ya jinkirta dashen zuwa tsakiyarta.

Abu na farko shi ne a zagaya filin a san irin hakin da ke cikinsa, domin ba duka ake yaƙa da makami ɗaya ba. Akwai masu rayuwar damina guda, waɗanda suke mutuwa da rani su bar iri a ƙasa, kamar ƙarangiya da tsidau da kyasuwa da tafasa da guɗe-guɗe da ƙashin yawo. Waɗannan cire su ba shi da wuya, matsalarsu ita ce yawan irin da suka zubar, wanda kan zauna a cikin ƙasa shekaru yana jiran danshi. Akwai kuma masu ajiye ransu a ƙarƙashin ƙasa, kuma su ne ainihin abokan gaba. Aya-aya ana gane ta da santsin ganye, kuma idan aka murza karanta tsakanin yatsu za a ji yana da kusurwa uku. In aka tono ta za a tarar da ƙwayoyi masu duhu da ƙamshi, jere a kan siraran jijiyoyi, kowace ƙwaya kuma tana iya zama sabon tsiro. Tofa tana da kaifin ganye da farin fure mai laushi, saiwarta fara ce mai tsini, tana tafiya a kwance a ƙarƙashin ƙasa, kuma ko guntun da bai kai tsawon yatsa ba yana iya sake cika wuri. Balasa kuma, mai son inuwa da danshi, ko an tuge ta an yar a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ta sake kamawa daga gaɓoɓinta. Ita kanta kirikiri, wadda wasu suke dasawa don ado, haki ce ga wanda ya yi niyyar shimfiɗa ciyawar kafet, domin za ta ratsa ta ta ɓata mata kamanni.

Bayan haka a kwashe tarkacen gini, wato ɓaraguzan bulo da daskararren siminti da ƙusoshi da guntayen katako da leda. Katakon da aka bari a binne yana jawo gara, simintin kuma yana hana saiwa shiga, sai a ga wurin yana rigan sauran filin bushewa. Dogon hakin da ya riga ya yi iri a yanke shi da lauje a hankali, a zuba kawunansa cikin buhu a fitar daga gidan, kada a karkaɗe shi a kan filin. Ban ga amfanin cinna wa fili wuta ba, ko da yake da yawa suna yin haka don sauƙi. Wuta tana cinye abin da ke sama ne kawai, kuma manoma sun san cewa tofa ba ta taɓa yin kyau kamar bayan gobara, ga kuma haɗarin wuta kusa da gini da wayoyin lantarki.

A nan ne ya kamata a yanke shawara game da maganin feshi, domin idan za a yi amfani da shi, kafin haƙa ake yi. A ƙaramin fili na tsakar gida hannu ya wadatar, kuma shi na fi so, musamman inda yara da kaji da awaki suke yawo. Amma idan fili yana da faɗi kuma tofa ta mamaye shi, maganin da ke ɗauke da sinadarin gilaifoset, irin su Roundup, yana rage wahala sosai, saboda yana shiga ta ganye ya gangara har saiwa. Sharaɗinsa shi ne hakin ya kasance kore shar yana cikin girma, don haka idan da rani ne sai a ba filin ruwa na kamar mako 2 tukuna. A yi feshin da safe sa'ad da babu iska, ranar da ba a sa ran ruwan sama cikin awa 6, a bi ma'aunin da aka rubuta a jikin gorar ba tare da ƙari ba, a gauraya da ruwa mai tsabta domin ruwan laka yana rage masa ƙarfi. Mai feshi ya sa safar hannu da takalmin roba da takunkumi, a rufe furanni da ƙananan itatuwan da ke kusa, a nisanta feshin daga bakin rijiya. Daga nan a bar hakin kwana 10 zuwa 14 ba a taɓa shi ba, har ya yi ja ya bushe. A guji maganin feshin da ake kira farakwat, domin ganye kawai yake ƙonawa ya bar saiwa da ranta, ga shi da mugun guba ga ɗan Adam, har Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007. A guji kuma magungunan gonar masara irin su atirazin, waɗanda suke zama a cikin ƙasa tsawon lokaci, domin suna iya cutar da ciyawar da za a dasa.

Haƙa ita ce zuciyar aikin, kuma nan ne ya kamata mai gida ya tsaya a kan leburori da kansa. A jiƙa ƙasar kwana guda kafin a fara don ta yi laushi, sannan a bi ta layi-layi da magirbi ko diga zuwa zurfin santimita 20, a riƙa juya kowane hoge ana farfasa shi da hannu ana tsince saiwa. Inda aka ci karo da tofa a bi saiwar a hankali har ƙarshenta maimakon a datse ta, ko da ta gangara ƙasa fiye da haka. Inda aya-aya ta yi yawa a jingina ragar da magina suke tace yashi da ita, a riƙa watsa ƙasar da shebur, ƙwayoyin za su taru a gindin ragar a kwashe. Wanda ya sassabe ganye ya bar waɗannan a ƙasa ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Don haka ma injin kaftu bai dace da filin da ke da tofa ko aya-aya ba, domin yana daddatsa saiwar ya watsa ta ko'ina. Duk abin da aka tsinto a zuba a baro a fitar, kada a jefa shi cikin ramin takin gida.

Idan an gama, a bar ƙasar a birkice ba tare da ruwa ba na mako 1 ko 2, a sake juya ta sau ɗaya a tsakani. Ranar bazara tana busar da ƙwayoyin aya-aya da guntayen saiwar da suka fito sama har su mutu.

Sai kuma batun ƙasa da takin da ake kawowa daga waje, wanda shi ne ƙofar da haki ya fi shigowa ta cikinta bayan an sha wahalar share fili. Baƙar ƙasar fadama da ake saya a tifa tana da kyau a ido, amma sau da yawa cike take da aya-aya, saboda haka a tace ta kafin a baza. Ɗanyen kashin shanu da na tumaki yana ɗauke da irin duk ciyawar da dabbar ta ci, don haka ruɓaɓɓen taki wanda ya yi watanni a tare ya daina zafi shi ake nema. Muhimmin abu shi ne a zuba ƙasar da takin yanzu, a gauraya su da ta filin, don matakin da ke tafe ya haɗa da su. A baje da manjagara, a ba filin ɗan gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita daga jikin gini zuwa waje don kada ruwa ya kwanta a gindin bango, a tattake shi da ƙafa a cike wuraren da suka lotsa.

Yanzu sai a yaudari irin da ya rage. A riƙa ba filin ruwa kullum tamkar an riga an yi shuka, cikin kwana 7 zuwa 10 za a ga ya yi kore da ƙananan tsirrai. Tun suna da ganye biyu ko uku, a bi su da fartanya sama-sama da hantsi, kada bakin fartanyar ya wuce santimita 2 ko 3, a bar rana ta ƙone su. Dalilin hana zurfafawa shi ne yawancin irin haki daga saman ƙasa yake tsira, kuma duk haƙa mai zurfi sabon iri take ɗagowa, aikin ya koma farko. Aya-aya da tofar da suka sake leƙowa kuwa a tono kowace ɗaya har gindinta da wuƙa ko ƙaramin magirbi. A maimaita ban ruwan da kankarewar sau 2 ko 3. Za a lura kowane zagaye tsiron yana raguwa, kuma ba a dashe sai an ga zagayen da abin da ya fito bai taka kara ya karya ba.

Wanda ya fara da wuri yana iya amfani da zafin Afrilu, lokacin da rana kan haura digiri 40 a yawancin ƙasar Hausa. A jiƙa filin sosai, a shimfiɗa farar leda mai nuna abin da ke ƙarƙashinta, a ja ta ta manne da ƙasa, a binne gefunanta kada iska ta shiga, a bar ta mako 4 zuwa 6. Zafi da tururin da ke taruwa a ciki suna dafa irin da ke saman ƙasa. Dabarar ba ta kai wa ga ƙwayoyin aya-aya masu zurfi, saboda haka ba ta maye gurbin tono, kuma bayan an yaye ledar ba a sake juya ƙasar.

Kafin dashe a duba gefunan filin, domin tofa da kirikiri suna ratsowa daga gindin katanga da fegin maƙwabci. A jera bulo ko a zuba kankare a iyakar filin, a nutsar da shi aƙalla santimita 20 cikin ƙasa. A kuma bincika ciyawar da aka sayo, a juya kowane dunƙule a cire baƙon tsiro daga saiwarsa. A dasa ta kusa-kusa, tazarar da ba ta wuce santimita 10 zuwa 15 ba, domin ta yi saurin haɗewa ta rufe ƙasa, tun da fili a buɗe shi ne abin da haki yake nema. A makonni 6 na farko a riƙa zagayawa sau 2 a mako bayan ban ruwa, sa'ad da ƙasa take da laushi, ana tuge duk abin da ya fito da hannu kafin ya yi fure.