Kotu ta wanke ka bayan ka sha ɗauri? Ga yadda ake bin diyya

Jama'a akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya wallahi. Mutum ya yi shekara biyar a gidan yari kan laifin da bai ji ba bai gani ba, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, 'yan uwa su ɗauko shi a yi ta Allah ya kiyaye gaba, shikenan an bar wa Allah. Haka aka yi da wani ɗan unguwarmu a Kubwa, ya fito jari ya karye, aure ya mutu, ko sisi bai nema ba don ba wanda ya faɗa masa ana nema. Neman haƙƙi fa ba ya ɓata tawakkali.

Ka fara sanin cewa a Najeriya ba dokar da ta ce da an soke hukunci gwamnati za ta kira ka ta biya ka, kai ne za ka shigar da sabuwar ƙara. Madogararka sashe na 35(6) na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba a biya shi diyya kuma a nemi afuwarsa a bainar jama'a.

Amma a nan gizo ke saƙa. Shekarun da ka yi bayan alƙali ya yanke hukunci, doka tana kallonsu a matsayin tsarewa da umarnin kotu, kuma ba a ƙarar alƙali don ya yi kuskure, don haka lauyan da ya san aikinsa baya zai koma, yaya aka kama ka, kwana nawa ka yi a sel kafin a kai ka kotu, alhali tsarin mulki ya ce kwana ɗaya in akwai kotu cikin kilomita 40, an doke ka ne har ka sa hannu a takardar amsa laifi, wa ya kitsa maganar tun farko. Nan diyyar take.

Saboda haka tun ranar fitowa a fara tara takardu. A je wajen rajistaran kotu a karɓi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, wanda lauyoyi ke kira CTC, a duba da kyau an rubuta an sallame ka kuma an wanke ka, don sallama kawai daban, wankewa daban. Afuwar shugaban ƙasa ko gwamna ma ba wankewa ba ce, yafe maka aka yi. A haɗa da takardar caji, takardar fita daga gidan yari, rasit na kuɗin lauya da na magani, kuma dan Allah a je asibiti likita ya rubuta abin da ya gani a jiki tun tabon bai ɓace ba.

Hanya biyu ce. Akwai ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotu, ta Abuja in a nan abin ya faru, ƙarƙashin ƙa'idojin irin wannan ƙara na shekarar 2009, da takardar rantsuwa ake yi, ta fi sauri kuma ba ta da wa'adi. Akwai kuma ƙarar gurfanar da mutum da mugun nufi, ita sai ka tabbatar waɗanda kake ƙara su suka sa aka gurfanar da kai, shari'ar ta ƙare kai ke da nasara, ba su da wani ƙwaƙƙwaran dalili, kuma ƙeta ce. Wannan tana da wuya, kuma in jami'in gwamnati ne wata uku kacal dokar kare jami'ai ta ba ka, kar ka ce sai ka huta tukuna.

In ba kuɗin lauya, Legal Aid Council, masu ba marasa hali lauya kyauta, hedikwatarsu na nan Abuja, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tana Maitama. Kotun ECOWAS ma a garin nan take, ita ce a 2016 ta ce a biya Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, naira miliyan 15 kan tsare shi. In mutum ya rasu iyalansa na iya bi, a 1986 Kotun Ƙoli ta ba iyalan Nasiru Bello gaskiya a kan gwamnatin Oyo, da ta zartar masa da hukuncin kisa alhali ɗaukaka ƙararsa na gaban kotu.

Sai kuma karɓar kuɗin, wanda shi ma shari'a ce mai zaman kanta. Hukuma na iya ɗaukaka ƙara ko ta yi kunnen uwar shegu, sai lauya ya koma kotu neman a cire kuɗin daga asusunta, nan kuma a taso da maganar izinin Antoni Janar. Don haka tun ranar farko ku yi yarjejeniya a rubuce da lauya, aikinsa har da bin kuɗin ne, kuma kashi nawa ne nasa in sun fito.