Aikin sa kai a ɗakin haihuwa: abin da za ki yi a Damagaram

Kafin komai, ki je wurin shugaban likitar unguwarku, wanda ake ce wa manjo, da takardar neman izini. Shi zai haɗa ki da ungozomar da za ki yi aiki ƙarƙashinta. Ki yi allurar tetanus da ta ciwon hanta, ki tanadi takalmin roba rufaffe, agogo da fitilar hannu, don wuta kan ɗauke tsakiyar naƙuda.

Karɓar haihuwa aikin ungozoma ne mai takarda. Naki aikin ido ne da ƙafa: ki gane matsala da wuri, ki sa a kai mace likita tun da sauran lokaci.

Ranar awo nan za ki fi amfani. Ki auna nauyi da hawan jini, ki rubuta a karne, wato littafin awon mai ciki. Mace ta zauna minti 5 tukuna, hannunta daidai da ƙirji; wadda ta taho a ƙafa cikin rana, in aka auna ta nan take, lissafin ƙarya zai fito. In kin ga 140 bisa 90 ko fiye, ki sake bayan ta huta, in bai sauka ba ki kira ungozoma. Fansidar, maganin kariya daga masassarar cizon sauro, ƙwaya 3 ne a tashi ɗaya, daga wata na huɗu, da tazarar wata guda aƙalla, kuma a gabanki za ta haɗiye. In kika bari ta ƙulle a bakin zane ta tafi da shi, sau da yawa can zai ƙare. Ƙwayar ƙarin jini kuwa kullum ce. Ki faɗa mata tun farko cewa bayan gida zai yi baƙi, don wannan kaɗai ya sa mata da dama sun watsar da ita. Kada ta kora da shayi, yana rage amfaninta.

Alamomin da ba a kwana da su: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, masassara, fashewar faya ba naƙuda, ko ɗa ya daina motsi. Naƙudar da ta wuce awa 12 ma haka. Irinta ke jawo yoyon fitsari. Mai cikin fari takan ɓoye naƙuda saboda kunya, shi ya sa uwar miji za ki fara kamawa. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce: "Inna, ke kika san ciwon nan, ki taimake mu mu kai ta tun da rana." Gardama da tsohuwa a kan yankan gishiri a gaban surukarta ba ta taɓa kai kowa likita ba. Maigida kuma a bar shi da maza. Tsarin makarantar mazaje, inda magidanta ke wayar da kan ƴan uwansu maza a kan lafiyar mata, a jihar nan ya samo asali, ki nemi membobinta in akwai a garin.

Tun cikin wata na bakwai a san abin hawa, kabu-kabu ne ko amalanke, a ajiye lambar mai shi da kuɗin mai, a kuma sami ɗan uwa biyu da za su ba da jini. Daga ƙauyukan Mirya ko Tanut, neman waɗannan da dare shi ke cinye lokaci. Gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa, amma hanya a wuyan iyali take.

Bayan haihuwa, awa 2 na farko kada ki matsa. Duk minti 15 ki taɓa mara: mahaifa ta zama da tauri kamar ƙwallo. In ta yi laushi, ko jini ya jiƙa zane sharaf, ki murza marar kina kiran ungozoma da ƙarfi. Rabin lita ya riga ya zama haɗari. Jinjiri a tsane shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, ya kama nono cikin awa guda, dakashin kuma kada a zubar. Wanka sai bayan awa 24. Cibiya ba toka, ba man shanu, sai maganin da ungozoma ta bayar.