Yadda Malamin Jami'a Zai Haɗa Darasin Aji da na Intanet

Malamin da ke koyarwa a Jos ya fara da tuna cewa da waya ɗalibai da dama za su shiga darasi, kuma data tana da tsada. Saboda haka ya naɗi laccarsa a gajerun saƙonnin murya, ya ɗora a Moodle (dandalin koyarwa ta intanet) ko WhatsApp, domin ɗalibar da aka ɗauke wa wuta a Unguwar Rogo ta saurara idan ta samu caji. Lokacin aji kuwa a bar shi don tambayoyi da muhawara.

A ganina, wajen jarrabawa aka fi yin sakaci. Tambayar da amsarta ke Google ba ta auna fahimta. Gara a ba ɗalibi aikin da ya shafi unguwarsu, sannan ya kare shi da baki a gaban malami.