Darasi na Bakwai: Daga Lambu Zuwa Tukunya

Tumatirin da aka yi miya da shi jiya a gidanku, hannu nawa ya bi kafin ya iso?

Mu ɗauki na Kadawa da Kura a jihar Kano, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga. Manomi ya tsinke da sassafe, ya cika kwando, ya kai kasuwar Kwanar Gafan da ke kan hanyar Zariya. Can dillali zai karɓi la'adarsa. Ɗan sari ya saya, ya sallami 'yan dako, ya biya kuɗin mota zuwa kasuwar 'Yankaba da ke birnin Kano. Daga nan mai tebur ya saro, ya kasa shi kashi-kashi a bakin layinku. Kowa da ɗan abin da zai ɗora, kuma duk daga aljihunku yake fita.

Shi kuwa tumatir ba ya jira. Ku duba gindin kwandon da ya kwana biyu a hanya: na ƙasa ya fashe, ruwa na ɗiga ta saƙar kwandon, ƙuda sun yi dandazo. Wannan asarar ma a kan mai kyaun ake mayar da ita.

Dillali ba abokin gaba ba ne. Mai lodin kaya zuwa Legas dole ya neme shi. Amma idan lambun yana bayan garinku, me zai hana ku je da ƙafarku?

Ku haɗu gida biyar ko shida, kamar yadda ake adashi. Ku wakilta mutum ɗaya mai amana ya sami mai lambu, su yi magana baki da baki. Tun farko a nuna kwandon da za a riƙa awo da shi, domin kwanduna ba girmansu ɗaya ba, kuma a nan rigima take farawa. A tsayar da ranar ɗauka. A biya kuɗi hannu. Manomi yana da taki da man injin ban ruwa a gabansa, bashi yana karya shi.

Kai kuma ɗan'uwa manomi, kada ka jera manya a sama ka ɓoye ƙanana a ƙasa. Maƙwabcinka ne zai zazzage kwandon, kuma gobe za ku haɗu a masallaci.

Lokacin sanyi kaya yakan cika kasuwa ya yi araha. Ku sayi da yawa, ku yanyanka, ku shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba. Wannan kauɗar ita za ta riƙe muku miya da damina, sa'ad da ɗanye ya yi tsada.

Aiki: A ce kwando ɗaya naira 12,000 ne a lambu, kuɗin mota kuma naira 1,500. Gida biyar ne suka haɗa kuɗi. Nawa kowane gida zai biya? Ku rubuta amsar a littafinku, sannan ku tambayi mai tebur na unguwarku farashin yau, ku zo da shi aji mu gwada.