Darasi Na 9: Yadda Za Ka Sa Filash Ya Yi Magana a Rediyon Mota

A cikin ajinmu na yamma akwai wani dattijo direba, Sharon yake ja daga tashar Unguwa Uku zuwa Kaduna, ranar nan ya shigo ransa a ɓace yana riƙe da wani sabon filash mai GB 64 da ɗansa ya sayo masa. An cika masa shi da karatu da wa'azi da waƙoƙi, ya soka a rediyon mota, rediyo ta ɗan yi tunani sai ta rubuta NO FILE ta yi shiru abinta. Ya ce min "Malam, ko dai rediyon ce ta mutu ko an cuci yaron nan." Na ce "Baba, kawo mu gani tukuna." Muka fita waje na ciro nawa tsohon filash ɗin mai GB 8 wanda har murfinsa ya ɓata, muka soka, nan take sifiku suka ɗauka. Kenan rediyo lafiyarta ƙalau. Shi ma nasa filash ɗin da muka sa a kwamfuta komai na ciki. To ina matsalar take? Ita ce darasinmu na yau.

Kafin mu shiga, karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi sau biyu, sannan ka rubuta su a littafinka: filash, memori, folda, fayil, fomat. Akwai kuma waɗanda da harufan Turanci za ka riƙa ganinsu a jikin rediyo ko a kwamfuta, su ba sai ka san fassararsu ba, ka dai gane kamanninsu: USB, AUX, SD, MP3, FAT32.

Fara da duba fuskar rediyonka. In ka ga rami mai kusurwa huɗu an rubuta USB, nan ne gidan filash. Siririyar tsaga mai rubutun SD ta memori ce. Ɗan ƙaramin rami zagayayye mai AUX kuma na waya ne, irin bakin iyafis, ka haɗa da wayarka ta hannu. Wasu motocin ramin USB ɗin ba a fuskar rediyo yake ba, yana cikin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba ko cikin aljihun gaban fasinja, mutum sai ya shekara da mota bai san da shi ba.

Yanzu maganar filash ɗin Baba. Kowane filash akwai tsarin da aka shirya cikinsa da shi, kamar dai yadda mai shago ke jera kaya a kanta, shi ya san inda ya ajiye komai. Sunayen tsarin da aka fi haɗuwa da su uku ne, FAT32 da exFAT da NTFS. Kwamfuta duk ta iya karanta su, amma yawancin rediyon mota, musamman na motocin nan namu 'yan Beljiyam da ƙananan rediyon da ake sayowa a kasuwa a ɗaura, FAT32 kaɗai suka sani. Shi kuma filash ko memori da ya wuce GB 32 galibi da exFAT yake zuwa daga kamfani. To kaga rediyo ta buɗe shago ta tarar da jerin da ba ta iya ba, sai ta ce maka babu komai alhali kaya na nan jibge.

Maganinsa a yi masa fomat zuwa FAT32. Amma tsaya, wannan wajen ka karanta shi da kyau: fomat yana share DUK abin da ke ciki. Sai an fara kwashe kayan an ajiye a kwamfuta, a yi fomat, sannan a mayar. In mai tura waƙa za ka kai wa, ka faɗa masa da bakinka "ka kwashe min kayana tukuna, sannan ka mayar min da shi FAT32", kar ka ce masa kawai ya gyara, don wallahi wasu yaran kafin ka rufe baki sun danna. In kai za ka yi da kanka a kwamfuta mai Windows, ka soka filash, ka nemo sunansa, ka danna maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Format, a wajen zaɓin tsari ka ɗauki FAT32 sai Start. Sai dai in filash ɗin ya haura GB 32 yawanci ba za ka ga FAT32 a cikin zaɓin ba sam, sai an nemo wata manhaja daban, shi ya sa ni dai shawarata kar ka wahalar da kanka, sayi mai GB 8 ko 16 saboda mota ka huta.

Na san wani zai ce ai ƙarami ba zai ishe shi ba. To zo mu yi lissafi, dama yau ba mu taɓa lissafi ba. Sauti na MP3 mai matsakaicin kyau yana cin kamar MB 1 duk minti ɗaya. GB 1 kuma kusan MB 1,000 ne. Kenan GB 1 zai ɗauki minti 1,000, in ka raba da 60 ya haura awa 16. Mai GB 8 fa? Ya wuce awa 120. Daga Kano zuwa Kaduna kilomita 200 ne da 'yan kai, sau nawa za ka je ka dawo kafin ka ƙure awa 120? Kuma babban filash in ya cika maƙil rediyo tana daɗewa tana rubuta READING duk sanda ka tada mota, wasu ma suna da iyakar yawan fayil da folda da za su iya gani, abin da ya haura sai su yi kamar babu shi.

Ga kuma jabu. Ana sayar da filash da aka rubuta wa GB 64 ko 128 da arha kamar kyauta, kwamfuta ma ta nuna hakan, amma ainihin cikinsa kaɗan ne. Alamarsa ita ce kayan farko da aka tura suna yi, na baya kuma sunansu na nan amma ba sa buɗuwa. Wannan ba fomat ɗin da zai gyara shi.

Abu na biyu da ke hana rediyo magana shi ne irin fayil ɗin. MP3 kusan kowace rediyo mai USB tana karantawa, da yawa suna karanta WMA ma. Amma saƙon murya na WhatsApp ba MP3 ba ne, wani iri ne da ake kira opus, abin da ka naɗa da rikodar waya ma sau da yawa m4a yake fitowa, bidiyo kuma MP4, ƙaramar rediyo marar allo tsallake su za ta yi. Mutane da yawa suna tura wa'azin da aka turo musu a guruf kai tsaye cikin filash sai su ga bai fito ba. Sai an juya shi zuwa MP3 da manhajar juya sauti. Canja sunan kawai, wato ka goge opus ka rubuta mp3, ba ya aiki, kamar ka rubuta "sukari" ne a jikin buhun gishiri.

Sai jeri. Wannan ya fi damun masu sauraron karatun Alƙur'ani, mutum yana so daga Fatiha a shiga Baƙara sai ya ji an yi tsalle an faɗa can wata sura. Dalili, na'ura harafi-harafi take duba suna, a wajenta 10 da 100 da 114 duk kafin 2 suke zuwa tunda da 1 suka fara. Sai a rubuta lambobin da gida uku: 001, 002, 003 har zuwa 114. Wasu rediyon kuma ba ruwansu da suna, wanda aka fara turawa shi suke fara sawa, irin waɗannan sai a share a sake turawa a jere. Kuma ka raba kaya folda-folda, karatu daban, wa'azi daban, waƙa daban, kar ka ɗauko surukinka a mota ana cikin tafsiri kiɗan biki ya faɗo.

Wasu suna tambaya ko za a iya soka babban had-dis na kwamfuta. Wani lokaci yana yi, amma sau da yawa a'a. Ramin USB wuta kaɗan yake bayarwa, bolt 5 ne kuma ƙarfinsa a tsofaffin rediyo bai taka kara ya karya ba, shi kuwa had-dis akwai faifai mai juyawa a cikinsa, sai ka ji yana ƙyas-ƙyas ya kasa tashi. Ga ramukan hanya, girgiza tana lalata shi. Bar shi a gida.

Wanda motarsa ba ta da USB gaba ɗaya, ta kaset ce ko ta faifan CD, akwai 'yar na'ura da ake kira modileta, ana soka ta a ramin laita. Filash ko memori a jikinta ake sawa, ita kuma ta watsa sautin kamar ƙaramar tashar FM. Ka nemi lambar da babu tasha a kanta, inda shuuu kawai kake ji, ka saita modileta a wannan lamba, rediyo ma a wannan lamba. In kana Kano kar ka sa 99.5 misali, Freedom Radio na nan za ta danne ka. In ka shiga wani gari ka ji murya na shigowa sai ka sake lamba. Motar da aka ƙera don kasuwar Japan kuma, musamman tsohuwa, galibi rediyonta daga 76 zuwa 90 take tsayawa, sai ka zaɓi lamba tsakanin 87.5 da 90.

Filash ɗin da ke yawo daga shago zuwa shago yana kwaso bairos, ka ga foldodinka sun koma wasu 'yan alamu masu kibiya, rediyo ta ce babu komai. Yawanci kayan na nan an ɓoye su ne, a kai wa wanda ya iya ya fito da su kafin a yi maganar fomat. Kar ka bar shi kan dashbod cikin ranar Afrilu, kuma in za ka saya nemi ɗan guntu, dogon nan gwiwar fasinja ɗaya ta ishe shi, wani lokacin har da ramin rediyon zai tafi. Neman folda kuma a yi shi kafin a tashi ko a ba yaron mota, ba kana kan titin Zariya ido na kan rediyo ba.

Shi Baba a ƙarshe mai GB 16 ya saya, babban ya mayar wa ɗansa.

Aikin gida. Ka je wajen motarka ko ta maƙwabci ka kwafo duk rubutun da ka gani kusa da ramukan rediyo. Sannan ka amsa a littafinka: me za ka ce wa mai tura waƙa kafin ya yi fomat? In wa'azi ɗaya minti 50 ne, guda nawa GB 1 zai ɗauka? Rubuta lambobin surori daga ta 1 zuwa ta 12 da gida uku-uku, ka zo da shi ranar Laraba.