Yadda na gyara matsalar manyan tayoyi a babur mai ƙafa huɗu

Alhamdulillah abin ya zauna. Babur ɗin gonarmu mai ƙafa huɗu ya zo da tayoyi masu lamba 25x8-12 a gaba, 25x10-12 a baya, da damina cikinsa zama yake a laka, shi ya sa na sa masa tayoyi masu tsayin inci 28. Cikin ya ɗagu kam, amma da na karya kai har ƙarshe sai tayar gaba ta riƙa gogar robar da ke tare laka, ga jan ya ragu, a hawa har warin bel ɗin da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi nake ji.

Mun zargi shokozoba, lafiyarta ƙalau. An ƙara iska, sai tsalle kawai yake.

Abin da ya yi aiki: na sauko 26x9-12 gaba, 26x11-12 baya, a kan rim ɗin da babur ɗin ya zo da shi. Lambar farko tsayi ce, dole gaba da baya su zo ɗaya saboda 4x4, wato tayoyin huɗu duka suna ja. Kafin in biya na sa aka ɗaura ta gaba, na hau kai, na karya hagu da dama, yatsu biyu na shiga tsakanin tayar da robar. Iska 5 psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya), da geji mai auna ƙaramar iska, don na mai faci baya karanta ƙasa haka.

Na gode wa makaniken da ya yi haƙurin kwancewa da ɗaurawa.