Yadda Ake Tantance Iƙirarin da Ke Jikin Man Shafawa

Gaban kwalba na masu talla ne. Abin da za a iya kama kamfani da shi yana baya, a ƙananan rubutu, don haka ku fara da juya kwalbar.

A Turai da Amurka, doka ta ce a jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, amma duk wanda bai wuce kashi 1 cikin 100 ba ana iya sa shi a ƙarshe ba tare da bin tsari ba. Ga dabarar gano wannan iyaka: ku nemi phenoxyethanol, sinadarin da ke hana man lalacewa, wanda Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 1 ba. Galibin abin da ya biyo bayansa ɗan kaɗan ne. Idan sinadarin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba yana can ƙasa, ku yi shakka. Sai dai ba kowane ne ke buƙatar yawa ba: retinol, wani nau'in bitamin A, na aiki ƙasa da kashi 1. Niacinamide, wani nau'in bitamin B3, kuwa an fi gwada shi a kashi 2 zuwa 5, bitamin C na asali kuma a kashi 10 zuwa 20, cikin kwalba mai duhu, domin iska da haske na kashe shi. Da zarar ruwansa ya koma launin ƙasa-ƙasa, ƙarfinsa ya tafi.

Inda aka fi yi wa mutane rufa-ido shi ne kalmar "an gwada". Ku nemi alamar tauraro (*) da ke gefen jimlar, ku bi ta zuwa ƙaramin bayanin da ke ƙasa. Mutum nawa aka gwada wa? Makonni nawa? An kwatanta da man da ba shi da sinadarin, ko kuwa an bar shi shi kaɗai? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce zuciyar maganar, saboda kowane mai, ko na banza, zai sa busasshiyar fata ta yi laushi. Akwai kuma bambanci tsakanin "mata sun ce fatarsu ta yi haske" da awon na'ura ko duban likitan da bai san wa ya shafa me ba. Na farko ra'ayi ne kawai. Gwajin da aka yi wa ƙwayoyin fata a ɗakin bincike ma bai nuna cewa sinadarin zai ratsa fatar mutum ba. Kolajin, furotin da ke ba fata ƙarfi, alal misali, ya yi girman da ba zai shiga ba.

Rubutun "likitan fata ya gwada" bai faɗi sakamakon ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta tantance kayan kwalliya kafin su shiga kasuwa, in ban da sinadaran launi, kuma ba ta da ma'anar doka ga hypoallergenic, kalmar da ke iƙirarin cewa man ba ya yawan tayar da ƙaiƙayi ko ƙuraje.

Man bilicin da ya yi alkawarin sauya fata cikin kwana bakwai, ku ajiye shi. Irin wannan sauri kan fito ne daga sinadarai masu ƙarfi da aka ɓoye, kamar sitiroyid, hydroquinone ko makuri (mercury), masu siranta fata, su bar baƙin tabo mai wuyar fita, makuri kuma ya taɓa ƙoda.

Idan kun saya, ku shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu sau biyu a rana, kwana 7 zuwa 10. In babu ƙaiƙayi ko ja, ku ɗauki hoton fuska a haske ɗaya, kada ku ƙara wani sabon mai, sannan ku sake ɗauka bayan mako 8 zuwa 12.